Kayan azurfar matan Kazakistan, dan Allah wa ya san kansu?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gareni ga duk wanda ya taɓa zama a Kazakistan ko kuma yasan harkar azurfa. Ƙanina yana karatun likita a Almati, zai zo hutu ƙarshen shekara in Allah ya kaimu, shine ya turo min hotuna daga wani shago da ya shiga. Awarwaro masu faɗi da jan dutse a tsakiya, zobba manya manya wani ma yatsa biyu yake ci, sai wani abu mai tsabobi a jiki da yace wai a jelar kitso ake ɗaurawa. Wallahi aikin ya tafi da ni, irin zanen nan baƙi a kan fari kamar da alƙalami aka yi shi. Ƙanwarmu za'a aurar bayan babbar sallah kuma inaso in bata abinda ba kowa ke dashi ba, amma shi yaron bai san komai a kan kayan mata ba, duk abinda mai shago ya faɗa masa shikenan ya yarda. Abinda ya ɗaure min kai shine duk hotunan babu zinare ko ɗaya, azurfa ce zalla, to talauci ne yasa ko al'adarsu ce haka? Sannan ya ake gane ta gaske da jabu, dan mai shagon yace masa wasu tsofaffi ne na kaka da kakanni kuma kuɗinsu ya ninka na sababbin. Wanne ya kamata ince ya ɗauko?

Ummu Sadik:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Mun zauna a Almati da maigidana lokacin yana aiki a can, kuma kayan nan sun shiga raina sosai dan haka bari in faɗa miki abinda na gani da wanda matan can suka gaya min.

Ba talauci bane ko kaɗan. Su a wajensu azurfa, wadda suke kira kumis, ƙarfe ne mai tsarki, sun ɗauka tana tsabtace duk abinda ta taɓa. Tsofaffinsu har cewa suke matar da ba zoben azurfa a hannunta abincin da ta girka bai da tsarki, shiyasa da wuya kiga tsohuwa hannunta wayam. Na halarci arba'in ɗin jaririn wata maƙociyarmu, da idona naga an kawo roba an zuba ruwa cokali 40 ana ƙirgawa, aka jefa zobba da tsabobin azurfa a ciki sannan aka yiwa yaron wanka, aka yanke masa farce aka aske gashin, bayan an gama aka raba zobban ga matan da suka yi aikin. Kinga abu ne da ya shiga jininsu tun daga haihuwa.

Wancan mai tsabobin da kika gani sholpi sunansa. A ƙarshen kitso budurwa take ɗaura shi, yana da nauyi, idan tana tafiya yana ƙara cas cas. Wata dattijuwa ta ce min da dashi ake koyawa yarinya tafiyar nutsuwa, domin in tana rawar kai ko gudu gudu duk unguwa sai anji, ga nauyin yana ja mata kai baya dole ta miƙe wuya ta daina sunkuyo. Wasu kuma sun ce ƙarar tana korar iskoki. Akwai ɗan uwansa shashbau shima na gashi ne amma yafi tsawo. Awarwaron kuma bilezik, yawanci biyu ake sawa, hannun dama da hagu, wani ma zaki ga an haɗa shi da zobba da 'yar siririyar sarƙa ta bayan hannu. Jan dutsen akik ne, shi suka fi so, sai firuza mai launin shuɗi shuɗi da murjani.

Amma zoben nan mai yatsa biyu shine wanda nafi so labarinsa. Kudagi juzik ake ce masa, kuma ba na 'yan mata bane. Uwar amarya ce take baiwa uwar ango, wato dai ga 'yata nan na damƙa miki amana ki riƙe ta kamar ke kika haifa. Ƙafa biyun da yake da su a ƙasa da fuska ɗaya a sama gida biyu ne suka zama ɗaya. Ni ranar da aka min bayanin nan sai da naji ƙwalla, dan duk wadda ta taɓa kai 'yarta gidan miji tasan abinda ke cikin zuciyar uwa a wannan rana. In da nice ke, wannan zan sa ya sayo Mama ta baiwa surukar, ita kuma amarya a saya mata bilezik guda biyu da 'yan kunne. Sholpi yana da kyau a ido amma ina zata sa shi a nan, kai a rufe da ɗankwali da mayafi? Sai dai ajiya.

In yana da lokaci kice ya fara zuwa gidan kayan tarihi na Kasteyev nan cikin Almati, ko babban gidan tarihin ƙasa da ke garin, ya zagaya ya cika idonsa da na ainihi tukuna kafin ya shiga kasuwa. A can zai ga saukele, hular amarya mai tsini da tsawonta kan kai santimita 70, an lulluɓe ta da azurfa da murjani da lu'ulu'u, ta masu hali ance garken dawaki ake bayarwa a kanta. Amarya takan sa ta ranar biki da lokutan sha'ani har zuwa haihuwar fari, daga nan ta koma farin lulluɓin matan aure da suke kira kimeshek. Wanda yaga waɗannan da idonsa ba zai ruɗu da kayan da ake jerawa 'yan yawon buɗe ido ba.

Ɗan Maƙera:

Hajiya Maman Ilham, ni ban taɓa zuwa ƙasar ba amma a maƙerar fari na tashi, kuma azurfa ɗaya ce ko ina take. Baƙin zanen da kika ce kamar na alƙalami, in aikin gaske ne ba fenti bane. Azurfa ake narkawa da jan ƙarfe da dalma da farar wuta su zama wani baƙin haɗi, a daka shi, a cusa a cikin ramin zanen da aka riga aka sassaƙa, a mayar wuta ya narke ya kama, sannan a goge saman har ya daidaita. Kice ya shafa da yatsa, na gaske sumul yake da jikin ƙarfen ba tudu ba kwari, kuma farce baya kankare shi. In ya kankaru fenti ne.

Maganar maganaɗisu da mutane ke yawan faɗa, eh azurfa bata kama maganaɗisu, in ya kama to a ajiye a tafi. Amma rashin kamawar ba hujja bace, domin a ƙasashen da suka fito daga Tarayyar Sobiyat akwai wani farin ƙarfe da suke kira melkiyor, haɗin jan ƙarfe ne da nikel, shima baya kamawa kuma da ido sak azurfa. Dashi ake yawan yin cokula da kayan tsaraba. To ya duba hatimi a bayan abin ko cikin zoben, sabon aiki zai ga 925, na zamanin Sobiyat yawanci 875, ma'ana a cikin kashi 1000 kashi 875 azurfa ce. Kuma ya sa a auna masa a sikeli a rubuta nauyin da lambar a rasit. Mai kayan gaskiya baya jin haushin sikeli.

Abu Hanan:

Ɗan Maƙera ya kawo magana mai amfani, sai dai akwai inda hatimin ba zai yi aiki ba, kuma nan ne ainihin tambayar Hajiya take, wato tsofaffin kayan. Na asalin da makiyaya suka yi amfani dasu yawancinsu ba hatimi ko ɗaya. Dalili kuwa maƙerin, zerger suke ce masa, ba shago gareshi a birni ba inda hukuma zata zo ta duba. Mutum ne da kayan aikinsa suke shiga jaka ɗaya, ƙaramar uwar maƙera da guduma da awartaki da zugazugi, yana bin rugage, in mai dukiya zai aurar da 'ya sai ya kira shi ya sauke shi a gidansa ya ciyar dashi har ya gama, a sallame shi da dabba. Sana'ar maza ce kuma gado ce daga uba zuwa ɗa. Azurfar ma mai aikin ne yake kawowa, ko dai tsabar kuɗin Rasha, ko curin azurfa da ke shigowa daga Sin wanda suke kira jambi, ko tsohon abin da ya karye a sake narkawa. Shiyasa ingancin ba ɗaya bane, domin ko a kuɗin Rashan kansu rubul ɗin ƙarshen zamanin sarakuna kashi 900 ne amma ƙananan tsabobi irin kobek 10 da 15 da 20 rabi ne kawai azurfa. To kinga tsohon abu zai iya zama na gaske ɗari bisa ɗari amma azurfarsa bata kai ta sabo ba. Darajarsa a aikin hannun take da shekarun, ba a nauyin ba.

Kuma ki duba yanayin rayuwarsu zaki gane me yasa mace take ɗauke da wannan nauyi haka. Mutane ne masu tashi da tantinsu daga mashekari zuwa wajen kiwon rani, ba banki ba gidan ƙasa, dukiya ko dai tana tafiya da ƙafa huɗu ko tana jikin mace. Shekarar da ƙanƙara ta rufe ciyawa dabbobi suka mutu, abinda suke kira jut, awarwaron hannun uwargida shi ake komawa. Kayanta ne nata na kanta da ta zo dasu daga gidansu. Maza ma ba a barsu a baya ba, ɗamarar fata mai faifan azurfa, kuben wuƙa, sirdi da linzami da likkafa duk ana musu ado, wani ma azurfar ake bugawa a cikin baƙin ƙarfe ta zauna daram.

Yanzu ga inda nake so a yi hattara. Tsofaffin kayan nan basu da yawa kamar yadda masu shago suke nunawa, kuma akwai dalili mai ɗaci. Daga 1930 zuwa 1933 gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat da Kazakistan take ciki a lokacin, ta tilasta musu zama waje ɗaya ta karɓe dabbobi ta zuba a gonakin gwamnati, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen miliyan 1.5 a ƙasar, mafi yawansu Kazakawa, wasu dubbai suka tsere Sin da Mongoliya da Afganistan. A daidai wannan lokaci gwamnati ta buɗe shagunan Torgsin a faɗin Tarayyar, daga 1931 zuwa 1936, inda mutum zai kai zinare ko azurfa a bashi gari. Ki ƙiyasta uwa da yara suna kukan yunwa ga sholpinta na budurci a ƙasan akwati. Bayan nan yaƙin duniya na biyu ya zo mata suka sake bada kayan adonsu gudunmawa. Abinda ya tsira yawanci yana gidajen tarihi ko hannun iyalan da ba zasu sayar ba ko nawa ne. To in kika ga shago cike da abinda ake cewa na kaka da kakanni, akwai alamar tambaya. Wasu sababbi ne aka dusashe su, wasu kuma aikin Turkmenistan ne ko Afganistan, dan ma aikin yammacin Kazakistan wajen Mangistau yana kama da na Turkmen sosai, manya ne masu nauyi da ruwan zinare da ƙananan ƙwayoyi kamar gero a jere. Na arewa da tsakiya da gabas sunfi sauƙi, zane da baƙin nan da Ɗan Maƙera ya faɗa, kuma kusan ko ina zaki ga zanen ƙahon rago mai lanƙwasa biyu, koshkar muyiz, alamar arziki a wajen makiyayi.

Ko da ma ya dace da tsohon na gaske, fitar da kayan tarihi daga ƙasar sai da takardar izini, ba'a son ɗalibi ya je filin jirgi kwastan su tsare shi a kan awarwaro. Shawarata ya sayi sabo daga hannun maƙerin da ke aiki yanzu. Tun bayan samun 'yanci a 1991 sana'ar ta farfaɗo, akwai masu yi da hannu bisa tsohon salo kuma aikinsu ba abin rainawa bane, kuɗin ma a hannun mai gumin zai faɗa.

Batun zinare kuma, ba wai ƙasar bata sanshi ba. A 1969 a wani tudun kabari kusa da garin Esik, gabas da Almati kaɗan, masanin tono Kemal Akishev da mutanensa suka haƙo gawar da ake kira Mutumin Zinare, da kayan ado na zinare sama da 4000 a jikin tufafinsa, na mutanen Saka ne, tsofaffin makiyayan yankin, fiye da shekara 2000 da suka wuce. Hularsa doguwa ce mai tsini har wasu masana suke ganin kamar kakar saukele ce, wasu ma suka ce ƙila gawar ta mace ce. A cikin kabarin akwai wani ɗan kwanon azurfa mai rubutu da har yau ba'a daidaita kan karatunsa ba.

Abdul Gaskiya:

Ni dai abinda zan ce a yi hattara da aƙida. Naga hotunan kayan nan a intanet akwai wani mai kusurwa uku da ake ratayawa a wuya wai yana kare mutum daga kambun baka, ga maganar ƙarar tsabobi tana korar aljanu, ga ta dutse yana kawo sa'a. Hajiya kar garin neman ado a kawowa amarya abinda zai taɓa mata imani. Allah shi ke karewa ba ƙarfe ba.

Ummu Sadik:

Malam Abdul gaskiyarka, Allah ne mai karewa kuma ba wanda yace a dogara da dutse. Mai kusurwa ukun tumar ne, laya ce dai, gidan azurfa ake ƙerawa a naɗe takarda mai ayoyi ko addu'a a saka a ciki, wani kuma dogo ne kamar bututu. Hukuncin rataya ayoyi malamai sunyi saɓani a kai tun da can, kowa ya tambayi malaminsa. Amma Kazakawa musulmi ne 'yan mazhabar Hanafiyya, kuma irin waɗannan camfe camfen tsofaffi ba inda babu su. Matan da na zauna dasu masu sallah da azumi suna sa bilezik ɗinsu ne dan ado da kuma tuna iyayensu, wata ta nuna min na kakarta duk zanen ya shafe ta gefen da yake gogar hannu saboda daɗewa, akik ɗin ma ya tsage ta tsakiya, tace an sha ce mata ta kai a canja dutsen ta ƙi. Ba ta ce min yana kare ta daga komai ba, cewa tayi hannun kakarta ne ya cinye shi haka. Tumar ɗin da ake sayarwa a shago yanzu ma yawanci ba komai a ciki. Wanda zuciyarsa bata kwanta ba ya bar shi ya ɗauki awarwaro da zobe, waɗannan kam ba mai cewa komai a kansu.

Maman Ilham:

Kai masha Allah, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai wallahi. Malam Abu Hanan labarin yunwar nan ya taɓa ni, ban taɓa jinsa ba. Na fasa maganar tsohon, sabo zan ce ya nema mai hatimi, bilezik biyu da 'yan kunne, kuma Anti Ummu Sadik na karɓi shawarar zoben surukai, na gayawa Mama har tace a ƙaro nata. Tumar ɗin mun barshi. Saura abu ɗaya, ya zanyi da awo tunda ba gwadawa za'ayi ba, kuma azurfa ai tana baƙi a wajenmu in zafi ya zo.

Ɗan Maƙera:

Awon ba wuya Hajiya. Awarwaron nasu a hotunan da nake gani yawanci bakinsa a buɗe yake ta baya, ana ɗan matse shi ko a buɗa daidai hannu, sai dai kar a riƙa yi kullum domin wajen zai gaji ya tsage, sau ɗaya a daidaita a barshi. In mai maƙulli ne to ki zagaya tsintsiyar hannunta da zare ki auna a ruler ki tura masa santimitan, ki ƙara kamar ɗaya saboda sakewa. Zoben yatsa biyun shine mai ɗan rigima, a auna yatsun biyu kowanne daban, na tsakiya da na kusa da ƙaramin, kuma da yamma za'a auna lokacin da hannu ya ɗan kumbura, dan zobe mai ƙafa biyu wahalar ƙarawa gareshi ko a wajenmu.

Baƙin kuma ba lalacewa bace, gumi ne da iska da turare, musamman hayaƙin turaren wuta da humra, kuma kinsan ɗakin amarya. Ta riƙa sa turarenta ta gama tukuna ta saka kayan, in ta cire ta goge da tsumma mai laushi ta ƙulle a leda ko 'yar jaka. Abinda zan roƙa shine kar a jiƙa shi a ruwan wankin azurfar nan na kanti, kar kuma a dirje shi da toka ko soson ƙarfe, zai cinye baƙin zanen da aka saye shi dominsa kuma yana kashe hasken firuza da murjani. Ruwan ɗumi da sabulu kaɗan da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa, a shanya ya bushe sosai kafin a ajiye. In dutse ya fara motsi a gidansa kar a sa masa gam, a kawo wa maƙerin fari ya matse bakin.